Jan Fenti a Bangon Zaurenmu

Shekarun baya, a damunar da nake takaba, masu haraji suka sa wa gidanmu alama da jan fenti. Na daɗe ban ba da labarin nan ba, don duk hanyar da na bi in faɗe shi sai ta ratsa ta kan mijina. Amma kwanakin nan na ga ana ta magana a kan harajin gidaje. Wasu na cewa kada a ba da ko sisi, wasu kuma duk abin da aka yanka musu biya suke saboda tsoro. Sai na ce bari in faɗi nawa, ko wani zai tsinci abin tsinta.

Mijina ɗan kasuwar hatsi ne. Yana sayen gero da dawa a Gummi ya kai Anka, wani lokaci kuma ya juya. Wata safiya ya fita da ƙafarsa, da la'asar aka kawo shi. Abin da ke faruwa a hanyoyinmu kowa ya sani, ba sai na buɗe ba. Allah ya jiƙansa. Ya bar ni da yara uku, da gida, da baƙi.

Baƙin su ne labarin. Gidanmu tsohon ginin ƙasa ne da aka yi wa rufin kwano. In ka wuce zaure akwai ɗakuna a jere kafin ka kai cikin gida, a nan ake tara buhunan hatsi. Ta waje kuma akwai ɗan shago da wani tela yake haya. Lokacin da zama ya gagara a ƙauyukan wajen Gwashi, mutane suka fara shigowa gari da kaya a ka, mijina ya kwashe buhunan ya buɗe ɗakunan. Mata biyu da suka rasa mazajensu suka shiga da 'ya'yansu. Ɗaki na farko, wanda ke kusa da zaure, ya ba wani tsoho Bafillace da matarsa. Baffa muke ce masa. Tun zamanin surukina, in an gama girbi, shanunsa ne ke kwana a gonarmu su bar mana taki. A yini ɗaya aka kore garken duka.

Ranar da masu harajin suka zo ina cikin gida, ban gan su ba. Samari ne da gwangwanin fenti. Ba su shigo inda mata suke ba, sun tsaya a jerin ɗakunan nan suna ƙirga kwaɗo. Haka suke aikinsu ashe. Duk ƙofar da suka gani da kwaɗonta daban, to a wurinsu ɗakin haya ne. Matan nan biyu sun tafi aikin noma a gonakin mutane, kowace ta kulle ɗakinta. Wanda ya taɓa rasa komai, ko tabarma ce kaɗai gare shi sai ya kulle ta. Samarin suka gama, suka shafa fentinsu a bangon zaure, suka bar takarda.

Na yi makaranta daidai gwargwado, na iya haɗa baƙi. Na karanta takardar na sake karantawa. An rubuta gidanmu a cikin gidajen haya, an yanka mana abin da ko gero na sayar gaba ɗaya ba zai kai ba. A ƙasa kuma aka ce in ba a biya ba za a rufe gidan a kai mu kotu.

Washegari wan mijina ya zo. Yaya nake ce masa, kuma shi ke kula da abin da aka bar wa yara. Ya zauna a bakin ƙofa ta waje, ni ina ciki da hijabi, mahaifiyata da ta zo taya ni zaman takaba tana tsakani tana tsince shinkafa.

"Hanya biyu ta," in ji shi. "Ko mutanen ga su tashi, a kira masu haraji su sake dubawa su ishe ɗakuna wayam. Ko su fara biya da gaske, a haɗa a ba gwamnati."

Na ce, "Yaya, da mi za su biya?"

"To su tashi. Gidan ga na marayu na. Ba naki ba na, ba nawa ba na. Ƙanena ya yi alheri da ransa, Allah ya ba shi lada. Amma ba ni bari a cinye abincin ɗiyanai saboda baƙi."

Ina so ku fahimce ni, Yaya ba mugu ba ne. Maganarsa tana da ƙafa. Tsoron dukiyar maraya yake yi, kuma ya kamata a ji tsoronta. Sai dai ni na ji abin da mijina ya faɗa wa mutanen nan ranar da suka sauke kayansu. Cewa ya yi, "Nan gidanku na har ranar da kunka ga dama." Bai ce har ranar da zai mutu ba.

Na ce, "Akwai hanya ta ukku."

Ya ce, "Wace?"

Na ce, "Ban san ta ba tukuna."

Inna ta yi dariyar da ba ta shirya ba, har shinkafa ta zube. Yaya bai yi ba.

Na roƙe shi ya je sakatariyar ƙaramar hukuma ya gaya musu kuskure suka yi. Ya ce shi ba ya kai kansa. "Duk wanda ya shiga ofis da ƙorafi, ƙara mai za a yi. Ki tambayi kowa." Na tambaya kuwa, ta bakin matan da ke zuwa gaisuwa. Kowace ta ce haka ne, amma ko ɗaya babu wadda mijinta ya taɓa zuwa. Duk ji suka yi an ce.

Sai na ce ni zan je.

Inna ta ajiye faifai. "Ke! Mai takaba? Ki hita tsakiyar gari mutane na kallo? So kike a ce ɗiyata ta gaji da zaman miji tun ƙasa ba ta bushe ba?"

Wannan maganar ta yi mini zafi, don na san za a faɗa. Amma a islamiyya an koya mana cewa mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ban yarda da tunanina kaɗai ba, na aika a tambayar mini malam ta hannun matarsa. Amsa ta dawo cewa haka ne. Sai Inna ta kafa sharaɗi biyu. Ƙafata ƙafarta. Kuma sai na riƙe 'yar wuƙar nan da tsofaffinmu ke ba mai takaba, wai don kada wani abu ya raɓe ta. Na ce Inna wannan ba addini ba ne. Ta ce ita ma ba ta ce addini ba ne, in dai riƙe.

Haka muka fita da hantsi, a ƙasa, Inna na jan gwiwarta tana mita. Tun da aka fitar da mijina ta zauren nan ban taka shi ba sai ranar. Na ga fentin da idona, ja wur a kan farar ƙasar da shi da kansa ya shafa kafin sallah. Ban tsaya ba. A hanya ina jin mutane na yin shiru in mun zo wucewa, su ci gaba in mun wuce. Ban ɗaga kai ba, ban kuma rage tafiya ba.

A ƙofar sakatariya mai gadi ya ce in nuna abin da ya kawo ni. Na sa hannu cikin hijabi in ciro takarda, sai wuƙa ta suɓuce ta faɗi a gabansa, ƙwal. Bawan Allah ya yi tsalle baya har hularsa ta karkace. A irin zamanin da muke ciki ban ga laifinsa ba. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage.

Inna ta ce, "Kwantar da hankalinka, ɗan nan. Mai takaba ta. Da yanka munka zo yi ai da babba za mu ɗauko."

Ya dube ni, ya dubi wuƙar. Ya ce, "Allah ya jiƙan rai. Tawa innar ma ta riƙe irinta." Ya ɗauka ya sa a aljihu, ya ce in na fito in karɓa.

Aka kai mu wurin wani dattijo mai farin gilashi, shi ne babba a kan harajin gidaje. Tun daga gida na tsara jawabi, da farkonsa da ƙarshensa, har da karin magana. Da na zauna a gabansa komai ya gudu. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Ba gidan haya ba ne." Na faɗa na sake faɗa, kamar mai karatun allo.

Bai yi mini tsawa ba. Ya sa aka kawo wa Inna kujera, sannan ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba tun da nake. Zan faɗe shi yadda na riƙe, kuma wannan na wurinmu ne a lokacin, ban san na wasu wurare ba. Ya ce kuɗin ƙasa daban, wannan na masu takardar mallaka ne, ba a hannunsu yake ba. Nasu harajin gini ne. Masallaci da maƙabarta da makarantar da ba ta kuɗi ba, ba a karɓa. Gidan da mai shi ke zaune a ciki da iyalinsa ana yi masa rangwame sosai, wani lokaci ma a yafe. Amma shago da ɗakin haya, tunda kuɗi suke kawowa, suna biya cikakke. Kuma duk wanda ya ga an yanka masa ba daidai ba yana da damar ƙorafi, a sake zuwa a duba, ba a ƙara wa mutum don ya yi magana.

Na ce, "Shago na haya ne, ban musa ba, a yanka masa nasa. Ɗakunan kuwa 'yan gudun hijira ne a ciki. Kwaɗo ba haya ba ne."

Ya ce gaskiya ne, kwaɗo kaɗai ba hujja ba ce, shi ya sa ake tambayar wanda aka samu a gidan. Ya sa aka kira saurayin da ya yi aikin unguwarmu. Yaron ya shigo ya rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, mun tambaya. Akwai wani tsoho a zaure. Na ce Baba haya kuke a nan? Ya ce ƙwarai, duk ranar kasuwa yana biya, bai taɓa fashi ba."

Inna ta ce, "Innalillahi. Itacen ga!"

Bari in koma baya kaɗan ku gane. Ranar da Baffa ya iso gari ƙin shiga ɗakin ya yi. Ya ce gara ya kwana a tasha da a ce yana zaman sadaka, shi da ake yanka wa baƙo rago a rugarsa. Mijina ya yi lallashi ya gaji. Daga ƙarshe ya ɗaure fuska ya ce, "Wa ya ce maka kyauta ta, Baffa? Haya ta. Damin itace duk ranar kasuwa, kuma ban son ɗanye." Tsohon ya yarda nan take. Tun daga nan duk ranar kasuwa zai fita bakin gari ya dawo da dami a ka. Mijina zai tsaya ya juya damin, ya ce ya yi kaɗan, Baffa ya ce ƙarya ne ya fi na wancan mako, su yi ta ciniki kamar gaske. Itacen kuwa da shi ake dafa tuwon da gidan duka ke ci, har da shi Baffan. Kowa ya san wasa ne. Amma da wasan nan tsohon yake iya zama a zaure ya miƙe ƙafa.

Dattijon ofis ya ce za su zo su sake dubawa tare da mai unguwa. Amma tunda maganar haya daga bakin mazaunin gida ta fito, sai shi ya janye ta da bakinsa a gaban shaidu. In ɗaki ɗaya ya tabbata na haya a cikin gidan, gidan yana nan a layin da aka sa shi.

Da Yaya ya ji, murna ya yi. A ganinsa magana ta ƙare. Ya samu Baffa a zaure ya ce masa, da murya sama yadda ake yi wa tsofaffi, "In sun zo ka ce masu ba ka biyan komi, kyauta kake zaune. Shi ke nan hwa, Baffa, ba wuya." Daga cikin gida na ji shi.

Da safe bayan an karya, na ji ƙarar ƙore ana haɗa su. Na leƙa. Matar Baffa na ɗaure kayanta a tsumma, shi kuma yana tsaye da sandarsa a kafaɗa da butarsa a hannu. Ban yi shawara da kowa ba. Na wuce su, na je bakin ƙofar zaure ta ciki na zauna a kan dokin ƙofa, na cika ta.

Ya ce, "Ɗiyata, kauce."

Na ce, "Ina za ka, Baffa?"

"Ƙasar Allah na da faɗi. In na tahi ɗakin ya zama wayam, magana ta mutu. Marayu su ci abincinsu."

"In za ka hita sai dai ka tsallake mai takaba."

Ya buga sandar a ƙasa. "Kul! Ba a yi mani haka." Sai ya ce a hankali, "Sun kore shanu, na yi shiru. Na binne wanda na binne, na yi shiru. Abu guda ya rage mani, ban taɓa cewa a ba ni ba. Shi kuma kuke so in aje gaban mutanen gari."

Na ce, "Ba wanda zai sa ka magana. Gidan mijina na, ni za a tambaya. Ka koma ɗakinka."

"In sun ƙi hwa?"

"Su ƙi."

Gaskiya ba ni da wata dabara a lokacin. Baki ne kawai da taurin kai, wanda Inna ta ce tun ina goye nake da shi. Matarsa ce ta fara sauke kayanta, ba ta dube shi ba. Sannan shi ma ya jingine sandar.

Ranar da suka zo, zaure ya cika. Dattijon ofis, da saurayin fenti, da mai unguwa, da Yaya, da maƙwabta waɗanda ba wanda ya gayyace su. Na tsaya daga ƙofar ciki da alwalata, Inna na bayana. Aka fara da matan nan biyu. Ta farko ta ce ba ta biya. Ta biyu, mai baki ce, ta ce, "In biya da mi? Da ƙahwata? Ku shiga ku duba, in kun ishe abin da ya kai kuɗin kwaɗon ku ɗauka." Aka yi dariya.

Sai dattijon ya juya wajen Baffa, wanda ke zaune a lungu ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ce mai gida. Haya hannun mai gida take shiga. Ni za ka tambaya ko na karɓa."

Ya ce, "Na ji ki, amma ba ke kika faɗa ba. Shi ya faɗa."

"Ga Alƙur'ani nan, da alwalata. Zan dafa in rantse ko sisi bai taɓa shiga hannuna ko hannun mijina ba."

"Ba rantsuwa muka zo karɓa ba, baiwar Allah. Kalma ɗaya ce zai faɗa."

"Ba zai faɗe ta ba. Baƙona ne, ba a tsayar da baƙona a gaban mutane."

Yaya ya ce, "Ke, ki san da wa kike magana!"

Dattijon ya cire gilashinsa. Ya ce in haka ne hannunsa a ɗaure yake, takarda tana nan yadda take, kuma na san abin da ke rubuce a ƙasanta.

Na ce, "Rufe gida? Ku rufe. Dama takaba nake, ba fita nake ba. Sau ɗaya na fita, don ku, kuma ba zan ƙara ba. Ku kawo babban kwaɗo ku sa mana ta waje, da ni da marayu da baƙi duk muna ciki. Na shago zan biya yau in kuna so. Na haya kuwa ba zan biya ba, don ba na haya ba ne. Kuma ba wanda zai tashi."

Kada ku ɗauka wata jaruma ce ta tsaya a wurin. Inna ce ta riƙe mini bayan hijabi. Na ce mata ta miƙo mini Alƙur'anin, ko sun karɓa ko ba su karɓa ba sai na rantse mutane su ji.

Kafin ta miƙo, Baffa ya tashi.

Ya ce, "Aje shi, ɗiyata. Mai takaba ba ta dafa Littafi saboda ni ina zaune."

Na ce, "Baffa, na yi maka alkawari."

"Kin cika." Ya juya ya fuskanci dattijon, ya tsaya sosai, har ya fi yadda na san tsawonsa. "Rubuta, malam. Ban biyan haya. Ban taɓa biya ba. Itace nike kawowa, shi kuma a tukunyar da nike ci yake ƙarewa. Mai gidan ga ya san ba biya ba na, ni ma na sani. Asiri ya ruhwa mani, na bar shi ya ruhe. Ba ni da saniya, ba ni da ɗaki. Ciyar da ni akai. Ka ji, ko in ƙara?"

Dattijon ya ce, "Ya isa, Baba. Ka yi haƙuri, aikin ne ya zo da haka." Mai unguwa ya shaida. Aka cire gidanmu daga layin haya, aka bar shago da nasa. Saurayin ya nemi wuƙa ya kankare fentin, Inna ta ba shi tawa. Mutane suka watse, saura Yaya. Da zai tafi ya tsaya a ƙofar ɗakin Baffa ya yi sallama, ba a amsa ba, ya daɗe a tsaye kafin ya wuce.

Na ci nasara ke nan, in ana kiran wannan nasara. Amma Baffa ya daina zama a zaure. Daga ɗaki sai masallaci. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, ba dami. Ta sake zuwa ta wuce. Tuwon da ake kai musu rabi yake dawowa.

Da ta sake zagayowa, na je ƙofarsa da safe na ɗaure fuska iya iyawata. Na ce, "Baffa, ina itacena? Don mai gida ba shi nan shi ne za a riƙa yi mani fashi?"

Can na ji muryarsa daga ciki. "Ke ɗiyar ga ba ki da kunya. So kike su dawo da gwangwaninsu?"

"Na gwamnati daban, nawa daban. Kuma ban son ɗanye."

Da azahar ya shigo da dami. Na juya shi na ce ya yi kaɗan. Ya ce ni ban san itace ba, mijina ma da ya fi ni wayo bai taɓa cin nasara a kansa ba. A nan ne na koma ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka kawo gawa.

Baffa ya zauna a ɗakin nan har ƙarshen kwanansa. A tsakar gidanmu aka yi masa wanka, Yaya na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Matarsa tana nan tare da ni, ita ke yi wa 'yata kitso. Matan nan biyu, ɗaya ta koma ƙauye, ɗaya ta yi aure a Anka. Wasu sun shiga ɗakunan bayansu, don har yau ba a daina shigowa gari da kaya a ka ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Haraji ba duka ne zalunci ba, kuma ba duk abin da aka rubuta a takarda ne gaskiya ba. Wanda yake kanka ka biya ka karɓi rasit. Wanda ba ya kanka, ka je ka tambaya a wane layi aka sa gidanka, da wace hujja, kuma wane rangwame ne doka ta ba ka. Ofishin da aka ce mini ana cin mutum a ciki, kujera aka ba mahaifiyata. Da na saurari masu cewa an ce, da yanzu na kori mutanen da mijina ya saukar, a kan kuɗin da tun asali ba a bin mu.

Amma akwai abin da har yau bai kwanta mini ba. Tsoho ya tuɓe mutuncinsa a gaban unguwa kafin a yarda da maganar da ni na riga na faɗa. Ban riƙe kowa a zuciya ba, amma ban ce daidai ba ne, kuma ba zan ce ba. Shi ya sa yanzu duk baƙon da zai sauka a gidan nan, ranar da ya sauka nake aika wa mai unguwa ya shaida cewa ba haya ba ce, tun kafin wani ya zo da tambaya. Masu haraji suna zuwa duk shekara. Ni nake fita in tare su a zaure, in ba su na shago da hannuna. In sun fara leƙen ɗakuna sai in ce su dawo nan, mai amsa tana gabansu. Sau ɗaya aka tsayar da baƙona a gaban mutane. Muddin ina numfashi a gidan nan, ba za a yi na biyu ba.